Malam Maharazu da Kacalar Birmingham

Idan ka tambayi mutanen Nguru wane ne Malam Maharazu, ba za su ce maka manomi ko masunci ba, za su ce mai yaƙi da kacala. Kacala dai ita ce doguwar ciyawar ruwan nan da ke toshe kogi, ta hana kwalekwale wucewa, ta zama masaukin tsuntsun jan-baki mai cinye shinkafa. Tun yana saurayi shi ke gaba a duk gayyar sare ta. Har furfura ta fito masa bai taɓa ganin tushe ɗaya ya wuce bai tofa masa yawu ba.

Da matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu da ke Ingila suka ɗauko shi. Ya fara zama wurin ɗansa Musbahu, likita a Manchester, a wani flat can ƙololuwar bene. Nan fa dattijo ya rame. Mutumin da ya saba taka laka, sai ga shi yana wuni yana leƙen motoci ta taga kamar kaza a akurki. Wallahi abin tausayi ne. Ganin haka 'yarsa Zinatu, akanta a Birmingham, ta mai da shi gidanta da ke gaba da Balsall Heath, inda bayan gidajen layin ke kallon wani ɗan tafki.

Ranar da ya iso, bai ko cire hula ba ya zagaya baya. Me zai gani? Kacala, ta yi shar a bakin ruwa, hankalinta kwance.

"Har nan kika biyo ni?" ya ce mata.

A shekarun nan gwamnati na ta tsuke bakin aljihu. Council, wato ƙaramar hukuma, ta sallami mai kula da tafkin, ta ce masu gidaje su ji da bakin ruwansu. Zinatu ta faɗi wannan a kan abinci, ta manta. Malam bai manta ba. Shi a kunnensa, gayya aka kira. Kuma ya ƙudura cewa in ya nuna amfaninsa, ba mai sake mai da shi saman bene.

Ya samo adda a unguwar Small Heath. Kullum aka watse zuwa aiki sai ya naɗe wando. Ya sare ta bayan gidansu, ya tumɓuke saiwa, sannan saboda zumunci ya haɗa da ta maƙwabciyarsu Alice, tsohuwar malamar makaranta da ta tafi ganin jikoki. Ya share wurin tas, ko alkaki ka yar ka ɗauka ka ci.

Sai ruwan sama ya sauka, ga shi na Ingila ba ya gajiya. Ashe saiwar kacalar ce ke riƙe da gaɓar, ita kuma ke tace takin da ke gangarowa daga lambuna. Ƙasa ta fara zaftarewa. Tafki ya koma kore kamar miyar kuka, kifaye suka taso ciki sama. Shingen Alice ya kwanta cikin ruwa, bencinta ya bi shi.

Zinatu ta kira ƙaninta. "Musbahu, ka zo weekend ɗin nan ka ɗauki Baba. Neighbours sun kusa cinye ni."

Malam na jin ta daga kicin.  Ba kunyar Alice ta fi damunsa ba, komawa tagar nan ta Manchester ce.

Ranar Asabar Musbahu ya iso, ya tarar da Alice a bayan gida da kwandunan dashen kacala, waɗanda masu gidaje suka sayo. Malam ya daɗe yana kallonsu. A duniya akwai inda ake sayen kacala da kuɗi.

Alice ba ta zo da faɗa ba. Cewa ta yi dashen na bukatar mai shiga laka ya kafa shi, ya kuma riƙa korar tsuntsayen dinya kada su cinye, ga shi duk layin daga mai aiki sai mai ciwon gwiwa. Ta ce mutumin da ya iya tumɓuke wannan uban wuri shi kaɗai, zai iya mai da shi.

Zinatu ta fassara. Malam ya ji kamar an ce ya yi wa ɓarawonsa shimfiɗa. Ya dubi kacalar, ya dubi motar Musbahu, inda tuni aka saka masa jakar kayansa. Sai ya haɗa ɗan Turancin da ya tsinta, ya tambayi Alice yaushe dashen zai kama.

"Two years," in ji ta, har da ɗaga yatsu biyu.

Malam ya juya wurin ɗansa, fuska ba alamar wasa. "Ka dai ji da kunnenka. Ta ce shekara bakwai."

Musbahu, wanda ke wuni yana Turanci da marasa lafiya, ya buɗe baki zai gyara. Sai ya ga tsohon ya riƙe bakin kwando gam, yana satar kallon motar.

"Haka na ji, Baba," ya ce. Ya je ya fito da jakar daga mota.