Duman Inna da Ruwan Alwala

Shekarun baya masu yawa, tun gemuna bai san furfura ba, aka yi wata bazara a garinmu, arewa da Minjibir, wadda har gobe in na ɗauki buta sai na tuna ta. Yau na idar da rubutun da ke gabana, tawada ta ɗan rage a gindin kurtu, sai na ce bari in ƙarar da ita a kan wannan labari, tunda ana yawan tambayata dalilin da ya sa nake zagayawa bayan gida in yi alwala alhali ga ƙofar zaure.

Mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, tana da wata 'yar garka a bayan ɗakinta. Ba wata babba ba ce, amma babu abin miyar da ba ta sakawa a ciki: kuɓewa, rama, yakuwa, gauta, barkono, da gindin lalle a kusurwa. Sai dai duk waɗannan 'yan rakiya ne. Sarkin garkar shi ne duma. Irinsa ta zo da shi daga gidansu, can wajen Bici, ranar da aka kawo ta amarya, kuma ta ce kakanninta ke shuka shi tun kafin jihadi. Duma ne mai yin manyan ƙore masu kaurin baya, wani har masaki ake fafewa, mace ta yi shekara da shekaru tana aiki da shi bai tsage ba. Babu 'yar da ta bar gidanmu zuwa ɗakin mijinta ba da ƙwaryar duman nan a cikin kayanta ba.

Daminar da ta gabaci wannan bazara ruwa ya yi yawa, duman ya ruɓe tun yana ɗanye. Ɗan irin da ya rage a gora kuwa ɓera ya huda ya yi biki. Da Inna ta zazzage goran a faifai, ta tsince masu rai daga cikin toka, ba su rufe tafin hannunta ba. Danginta na Bici sun daɗe da tashi, ba mu san inda suka zauna ba. Wato in waɗannan suka mutu, irin ya ƙare ke nan.

Yayana, wanda shi ne maigida tun rasuwar mahaifinmu, yana fama da kai taki gandu a mangala, don haka gyaran garka ya faɗo kaina. Ni kuwa hannuna da alƙalami ya saba. Dangar kara ta bara, abin da gara ta rage awaki sun ƙarasa, sai na tafi saran ƙayar magarya in yi shinge. Na dawo da ƙaya a ka, da ƙaya a riga, da ƙaya a inda ba na faɗa ba. Na share tsohon karan kuɓewa na ƙone, na kwashe takin turken awaki na gauraya da tokar murhu na baza, Inna na zaune a inuwa tana nuna mini da sanda inda ban yi daidai ba, wato ko'ina.

Sai shamuwa ta iso ta sauka a kan kukar bakin gari. Ba a jima ba hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa mai ƙarfi, wanda in ka tona ƙasa har wuyan hannu damshi za ka tarar. Kashegari gari ya fashe, kowa da sungumi a kafaɗa. Dattawa ma suka ce wannan ruwan shuka ne. Inna ta kira ni ta miƙo mini faifan.

Na ce, "Inna, ko mu rage kaɗan?"

Ta ce, "Me za a rage a nan? Iri ya kwana biyu, wani ma ba zai fito ba. Yi bisimilla ka binne."

Na binne. Suka fito kuwa, ba duka ba, amma kusan kowane rami ya buɗe ganye biyu kamar yaro ya ɗaga hannu yana addu'a. Inna ta riƙa zagaya su tana yi musu sannu da zuwa.

Daga nan sama ta ɗauke. Hadari ya taso da la'asar, iska ta watsa shi, gobe ma haka. Rana ta buɗe wuta. Geron da ke gonaki ya yi yaushi, ya kwanta, ya bushe. Wannan asara ce, amma akwai iri a rumbu, in ruwa ya dawo a sake shuka. Duman Inna ne ba shi da na biyu.

Rijiyar unguwarmu ita ma ta ja baya, guga ya fara fitowa da laka. Mai unguwa ya sa aka yi shela: ruwan rijiya na sha ne, da girki, da alwala, da dabba. Ba gini, ba wanki, ba ban-ruwan shuka. Yayana mutum ne mai tsare doka. Ya shigo gida ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Kun ji dai. Duk wanda na gani da tulu ya nufi garka, ni da shi ne. Ba za a kira sunana a ƙofar mai unguwa saboda ƙwarya ba."

Bayan 'yan kwanaki mai ɗakina ta ja ni gefe ta ce, "Malam, ka lura da Inna kuwa? Ƙoƙon ruwan da nake kai mata ba sha take yi ba."

Na leƙa garka da tsakar rana na same ta durƙushe, tana ɗiga wa ramukan ruwan shanta da yatsa, wannan kaɗan, wancan kaɗan. Leɓenta ya bushe har ya tsattsage. Tsohuwa ce, ga zafin bazara da ke kayar da majiya ƙarfi.

Na ce, "Haba Inna! Kashe kanki za ki yi a kan duma?"

Ta ce, "Rabona ne na ba su. Na taɓa na wani? Ni na sha ruwa shekaru da yawa, su kuwa jiya suka zo."

Na yi magiya, na kawo mata maganar haƙƙin rai a kan mai shi. Ta saurara har na gama, ta ce, "Allah Ya ƙara sani," ta ci gaba da ɗiga ruwanta. Nan na gane muddin duman nan yana jin ƙishirwa, mahaifiyata ba za ta sha ruwa ba.

Da azahar na fito ƙofar zaure da butata, zuciya ba daɗi. Akwai ɗan masallacin da muka kewaye da duwatsu a gefen zaurenmu, maƙwabta ke taruwa, wani dattijo yana ja mana salla. A gindin bango kowa ke tsugunawa ya yi alwala. Ina wanke hannu sai idona ya faɗa kan wajen: duk garin ya ƙone ƙurmus, amma gindin bangon nan ciyawa ce kore shar, har da wata tafasa da ta yi tsawo tana rangaji, ba wanda ya shuka ta, ba wanda ke so. Na daɗe ina kallonta har ruwan ya bushe a hannuna, sai da na sake alwalar daga farko.

Da aka idar na faɗa wa jama'a abin da ke raina: kowa ya zo da butarsa kamar kullum, da ruwan da ya saba, amma a tsuguna a kan ramukan duma maimakon gindin bango.

Abokina, wanda kuma taubashina ne, shi ya fara kecewa da dariya. "To fa! Malam ya gama karantar da mutane, ya koma musuluntar da duma. In ya yi 'ya'ya, sahun gaba za su tsaya ko na baya?"

Na ce, "Ko a ina suka tsaya, za su riga ka zuwa asuba."

Dattijon limaminmu bai yi dariya ba. Ya ce, "Wane taki ka zuba a wajen? In da kashin jaki a ciki, ba na tsugunawa ya fantsar mini a riga."

Na ce, "Allah gafarta Malam, na awaki ne da toka, ni na kwashe da hannuna."

"Kuma ban yarda da ɓarna ba. Kada wani ya fake da duma ya yi ta kwarara ruwa."

"Yadda aka saba, ko ɗigo ba za a ƙara ba."

Ya ce, "To ban ga laifi ba. Wa ya sani ko a samu lada biyu."

Yayana ne ya murtuke. Garkar tana bayan ɗakunan mata, ta tsakar gida ake shiga. Ya ce, "Gidan nawa za ka mayar hanyar kasuwa? Maza su riƙa ratsa tsakar gida da butoci?" Gaskiyarsa ce kuwa. Na ce ya ba ni zuwa la'asar. Na kwance zanar rumfar da nake zama in yi rubutu, na kafa ta tsakanin garka da ɗakunan, na ɓula shingen ta baya na yi ƙofa, na sa reshen ƙaya ya zama marfi saboda awaki. Na yi wa kowane rami ɗan gurbi kewaye don ruwa ya tsaya, na jera duwatsun tsuguno, na kafa tsingaro ta yamma ya tare musu rana. Yayana ya zo ya duba, ya girgiza zanar ya ga ba ta motsi, ya ce, "Rumfarka ce ka rasa, ba tawa ba." A bakinsa wannan izini ne.

Muka fara. Da fari mu 'yan kaɗan ne, sauran na kallo daga nesa suna murmushi. Matan gida sukan yi tasu alwalar kafin a buɗe ƙofar baya da bayan an rufe. Inna kuwa takan zauna a bayan zana tana ba da umarni, ba a ganinta sai dai a ji ta.

"Wane ne a ramin kusurwa? Taubashin nan naka ne? Ce masa ya kurkure bakinsa can gefe, kada dumana ya koyi surutu!"

Abokina ya ce, "Inna, ai ramina ya fi na kowa kyau."

"Ramin wa? Da kai aka zo da shi daga Bici?"

Ashe ya riga ya kama ramin ya ce nasa ne. Kafin a jima kowa ya kama nasa, ana gardama wane ya fi ganye. Mutumin da ya yi mini dariya sai ga shi kafin kowace salla yana neman sabuwar alwala. Liman ya dube shi wata rana ya ce, "Ban taɓa ganin wanda alwalarsa ke saurin karyewa kamar kai ba. Wake kake ci ne?" Aka yi dariya har wani ya kifar da buta, aka yi ta salati saboda ruwan, sai aka ga a kan rami ya zube.

Ganyen da ya yi laushi ya miƙe. Sabon ganye mai gashi-gashi ya fito, yaɗo ya fara neman abin kamawa. Abin da ya fi mini duka, na ga Inna ta ɗaga ƙoƙonta ta shanye har ta nemi ƙari.

To, kore a tsakiyar fari ba ya ɓuya. Wani ya kai wa mai unguwa cewa gidanmu na satar ruwa ana ba shuka. Ya taso da kansa da la'asar, fuska ba walwala, yayana na biye da shi yana hararata kamar ya ce ga abin da na guda. Na janye ƙayar suka shiga. Suka tarar da dattawa jere a kan duwatsu, kowa da butarsa, wannan na wanke fuska, wancan na shafar kai, liman a ramin tsakiya.

Mai unguwa ya tsaya ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "An ce mini kuna ban-ruwa."

Liman bai ɗago ba sai da ya wanke ƙafarsa ta hagu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ce na sha, da girki, da alwala, da dabba. Wanne ka ga mun fita?"

Sai gemun mai unguwa ya fara rawa, yana danne dariya. Ya juya ya dubi yayana, ya dube ni, ya ce, "Akwai ramin da ba shi da mai shi?"

Daga bayan zana Inna ta ce, "Na jikin lalle, ranka ya daɗe. Shi ne ramamme."

Ya naɗe hannun rigarsa ya ce a ara masa buta. Yayana ne ya miƙa masa tasa.

Haka muka riƙe duman nan har Allah Ya sako ruwa. Aka sake shukar gero a gonaki, shi kuwa ya riga ya yi nisa. Ya cinye garkar, ya haye shinge, ya hau jinkar ɗakin Inna, da yamma farin furensa ya buɗe ko'ina. Da kaka muka sauke ƙore har muka rasa wajen ajiya, na ramin mai unguwa ma, ramammen nan, shi ya ba da masakin da ya fi duka, abin da abokina bai yafe ba har ya koma ga Allah. Da aka fafe, Inna ta shanya irin, ta ce in kira duk wanda ya taɓa tsugunawa a garkar. Ta cika wa kowa tafinsa. Ta ce, "Da a gora ɗaya na ajiye shi, ɓera ɗaya ya kusa gamawa da ni. Yanzu sai ya bi gida-gida."

Na karanta a littattafai cewa ba a raina aikin alheri komai ƙanƙantarsa, na kuma karantar da shi, amma a kan dutsen tsuguno na ga yadda abin yake. Ruwan nan kullum muna zubar da shi a gindin bango, tafasa na sha, ba mu taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

Inna ta yi shekaru bayan wannan. Ranar da ta cika, da masakin nan aka ɗebo ruwan wankanta. Yau in ka shigo garinmu da damina, ɗaga kanka ka dubi jinkaye: duman Bici ne a kan kusan kowane ɗaki, har matan Zakirai suna aiko neman iri. Rumfar rubutuna ban sake kafa ta a inda take ba, zanar tana nan inda na sa ta, ana sabunta ta duk bazara. Ga shi tawada ta ƙare, an kuma kira la'asar, ramin kusurwa na jirana. Nawa ne yanzu, gadon taubashina.