Ruwan Urdun Daga Randata

'Ya'yana, ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Sunana ku bar shi, abin da na aikata shi zai amfane ku.

Ni mai daddawa ce tun asali. A wani ƙauye wajen Aujara aka haife ni, iyayena suna cikin waɗanda suka fara bin Almasihu a garinmu. Da maigidana ya rasu, lokacin an yi sabuwar jiha mutane na ta kwararowa Dutse, sai na kwaso tukwanena na kama ɗaki a unguwar Yalwawa. Ina sai da daddawata, ranar Lahadi ina waƙa a zumuntar mata ta coci. Ba ni da komai, amma duk inda na shiga da mutuncina nake fita.

Wata shekara wani dattijon ikilisiyarmu ya je ziyarar Urushalima. Ya kawo min tsarabar wata 'yar kwalba, ya ce ruwan Kogin Urdun ne, in ajiye don tunawa. Bai ce magani ba ne. Ni ce na shafa a gwiwata, na wayi gari na ce wa maƙwabciyata na ji sauƙi. Ta roƙi kaɗan don zazzaɓi, ta tashi, ta aiko min da kwanon gero. Kafin sati mata uku sun zo. Na duba kwalba ta kusa ƙarewa, na duba randata tana cike. Na ce a raina, in na haɗa ai albarkar za ta bi. Ranar da na fara tsiyayawa sai da na rufe ƙofa. Karo na biyu ban rufe ba.

Daga nan kwalba ba ta ƙara ƙarewa ba. Na bar daddawa. Aka koma kirana Mama Mai Addu'a. Kirista na zuwa, Musulmi na zuwa a ɓoye, har matan Fulani da ƙwaryar nono. Labari ɗaya nake ba kowa, na Na'aman, babban sarkin yaƙin nan da kuturta ta kama, annabi Elisha ya ce ya je ya yi nutso sau bakwai a Urdun, ya fito fatarsa sumul kamar ta jariri. A nan nake tsayawa, don iyakar abin da na riƙe ke nan, kuma shi ke kawo mutane. Fastonmu ya kira ni sau biyu ya ce in bari. Na ce masa hassada ce.

Sai Saratu ta zo. 'Yar garinmu ce, tare muka yi 'yan matanci da uwarta, Iya take ce min. Ta buɗe min bayanta, ga wani farin tabo, in an tsikare shi ba ta ji. Ta ce a asibiti an ce farkon kuturta ce, an ba ta ƙwayoyi kyauta, an ce in ta yi ta sha ba fashi za ta warke ba wanda zai sani. Ta kwance su daga bakin zane ta nuna min.

Da na ce ta haɗa biyun, da yau ban zauna ina ba ku wannan labari ba. Amma raina bai so ta warke a ce aikin likita ne. Na ce, "Saratu, Na'aman ƙwaya ya sha? Zaɓi ɗaya, ko Allah ko asibiti." Ta ce, "To, Iya." A gabana ta zuba su a kwata.

Damina biyu tana wanka da ruwan randata. Hannunta ya mutu, tana sauke tukunya ta ƙone ba ta sani ba, gyambo ya shiga. Duk sanda ta zo tana kuka sai in ce bangaskiyarta ce ba ta cika ba. Da mijinta ya ga yatsu sun fara tafiya, ya mai da ita asibiti ƙarfi da yaji, ya kai ni ƙara. Lokacin an fara shari'ar Musulunci, amma da yake ni Kirista ce a kotun majistare aka tsayar da ni. Dattijon nan ya zo ya nuna wa alƙali tsawon kwalbar da ya ba ni shekarun baya. Aka yi dariya. Aka yanke min shekara uku.

A gidan yari ma ban sauko ba, cewa nake ana tsananta min ne saboda bangaskiya. Akwai wata tsohuwar matar fasto da ke zuwar mana duk Lahadi da yamma. Ran nan ta fara labarin Na'aman, na katse ta na ce wannan ni zan koya mata. Ta ce, "To, Yaya, da ya warke me ya biya?" Sai ta ce dukiya ya jibgo, annabi ya ƙi taɓa ko zare, don warkarwar ta Allah ce. Amma baran annabin, Gehazi, ya bi Na'aman a guje ya yi ƙarya da sunan ubangidansa ya karɓa, kuturtar ta koma kansa. Ta ce, "Shi dai a kansa ta faɗo. Ke kika ci, wata ta ɗauki ciwon."

Kwana uku ban taɓa gabzar gidan yarin ba. Da matar faston ta dawo na ce ta faɗi abin da zan yi, in azumin kwana arba'in ne zan yi, in tsayawa ne gaban ikilisiya in tona kaina zan yi. Ta ce har yanzu babban abu nake nema, kamar Na'aman da ya yi fushi don annabi bai fito ya yi masa abin kallo ba, aike kawai ya yi masa. Ta ce in na fita in je gidan Saratu, in yi duk abin da ta sa ni. Na ji haushi ƙwarai. Ni, sa'ar uwarta.

Da aka sake ni sai da na yi wata huɗu ina kewaye-kewaye kafin na hau motar Aujara. Na tarar da ita zaune a tsakar gida. Ta koma kan magani, ciwon ya tsaya, amma a hannun dama babban yatsa da rabin guda ne suka rage. Na durƙusa na ce ruwan randa ne, na sani tun farko, ta yafe min. Ba ta ce ta yafe ba. Ta turo min kwandon gyaɗa da ƙafa ta ce, "Ɓare min, Iya, ni ba na iyawa."

Na ɓare. Asabar ta zagayo na dawo, na yi mata tsifa da kitso, na tsince wake. Haka har kaka ta wuce, magana ba ta haɗa mu sai ta aiki. Kun san yadda mutanenmu suke da mai wannan ciwo, ko ya warke kwanonsa daban, moɗarsa daban. Ni ma da guzurina nake zuwa, in ci a bakin ƙofa. Ran nan ta zuba tuwo a kwanonta, ta gutsura da dungulmin hannunta, ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Iya, sa hannu." Sai da na ja baya, ba zan ɓoye muku ba. Na matso na sa. Muka cinye tare.

'Ya'yana, wanda aka ba magani ya sha, wannan ma biyayya ce, Allah ne ya ba likita saninsa. Kada ku sayar da abin da Allah ya bayar kyauta. In an nuna muku ƙaramin abu ku sunkuya ku yi shi tun da wuri. Ni Ubangiji ya ji ƙaina, Saratu ma ta ji. Amma har gobe wata ce ke ɗaura mata ɗankwali.