Kin Tafi Littafina Yana Durowarki, Mama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, tara ga watan Nuwamba, da hantsi, Allah ya karɓi ran ma'aikaciyar ɗakin karatu na tsangayarmu, wadda ɗalibai suka fi sani da Mama Durowa, bayan jinyar kwana ɗaya tal. Ina kantin maganin mahaifina, ina jera kwalabe a kanta, saƙon ya shigo wayata. Tunda ke kika hana ni ƙarya, Mama, bari in faɗi abin da ya fara faɗo min a rai, ko da zai zubar min da mutunci. Ba ke na fara tunawa ba, littafina na tuna. Yana kulle a durowarki, jarrabawa kuma saura kwana tara.

Wanda bai san ki ba zai ce me ya kai littafin ɗalibi durowar ma'aikaciya. Teburinki yana bakin ƙofa, ƙarƙashin fankar nan da ƙararta ta fi iskarta. Aikin da aka ɗauke ki dominsa shi ne karɓar katin shaida da buga hatimi a littattafan aro, kuma shekara ashirin da biyu kina yin sa. Amma kin ƙara wa kanki wani aiki da babu wanda ya sa ki. In kika lura sabon ɗalibi yana neman nutsewa, sai ki karɓe littafin da yake rubuta lacca a ciki, ki kulle a durowar ƙasa, ki miƙa masa fararen takardu. Kwana huɗu ba zai sake ganin littafin ba. Zai je ya rubuta duk abin da ya tuna, ya dawo lokacin hutun rana ya yi miki bayani da baki a bencin baranda. Sai kin gane za ki buɗe durowa, ya gwada takardunsa da littafin, ya ja layi ƙarƙashin abin da ya manta. Wannan kaɗai zai koma ya karanta. Kullum maganarki ita ce ke ba ki yi jami'a ba, don haka in kin gane to mai bayanin ya gane, in ba ki gane ba kada ya yaudari kansa.

Ni kuwa na daɗe ina yaudarar kaina. A sakandare ni ne na ɗaya, saboda Allah ya ba ni kan hadda. In zuba wa malami abin da ya faɗa har da waƙafinsa. Na shigo jami'a karatun harhaɗa magunguna da wannan taƙama, sai na tarar a nan juya tambaya ake yi, a ba ka abin da ba ka taɓa gani ba a ce ka yi aiki da abin da ka sani. Darasin sinadarai ya kayar da ni a shekarar farko. Na maimaita, ya sake kayar da ni. Bana ce dama ta ƙarshe, in na faɗi kora ce. Duk wannan mahaifina bai sani ba, shi a lissafinsa ina aji uku. Har ya sa mai fenti ya bar fili a allon kantinmu, ƙarƙashin sunansa, inda za a rubuta nawa. Kowace Asabar ta ƙarƙashin wannan fili nake wucewa in shiga kanti, in ji shi yana ce wa masu sayen magani su ƙara haƙuri, masani na nan tafe. Makaranta ba ta sake ni ba, gida ba na iya buɗe baki. Gaba kura, baya siyaki.

A haka kika tsince ni. Mako uku kina kallona a kujerar lungu ina shafe shafuka da biro masu launi, ja, kore, ruwan ɗorawa, har littafin ya koma kamar zanin atamfa. Wata Alhamis kika taso kika tsaya a kaina.

"Ɗan nan, fenti ka zo koya ko magani?"

Nan take littafin ya tafi durowa. Wallahi na ji haushinki ranar, har na ce a raina ina ruwan mai buga hatimi da karatuna. Bayan kwana huɗu na dawo da rabin shafi. Karatun shekara biyu, rabin shafi. Kunya ta hana ni ɗaga kai, amma ba ki yi min dariya ba. Cewa kika yi in gode wa Allah, yau na san iyakar abin da na sani, kuma gara in sani a baranda da in sani a ɗakin jarrabawa.

Daga nan kika sa ni a gaba. Kin raba ni da kujerar baya a ɗakin lacca. Kin ce duk abin da ban gane ba in rubuta a gefen shafi in kai wa malamin ofishinsa, kuma washegari sai kin tambaye ni me ya ce, don kin san halina na kewaye ƙofa in dawo. In na wuce minti arba'in a zaune sai ki ƙwanƙwasa tebur, in fita in zaga ginin. Wanda ya kifa kai yana gyangyaɗi kuwa kora kike yi, ki ce ya je ya yi barcin kirki, littafi ba matashin kai ba ne. Akwai kwalin tsofaffin tambayoyi a ƙarƙashin teburinki, kin jera su shekara-shekara da hannunki. Ban san adadin waɗanda wannan kwali ya fitar kunya ba.

Ke kaɗai na gaya wa sirrina. Ba ki goya min baya ba. Kin ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma nauyin da nake ɗauka ya cinye rabin wurin da karatu zai zauna. Kullum in ce miki bayan jarrabawa, ki girgiza kai ki ci gaba da buga hatiminki.

Ranar Alhamis ta ƙarshe na miƙa miki littafin da kaina, lacca ta zangon gaba ɗaya a ciki, kika ce in dawo Litinin. Na dawo Litinin na tarar da kujerarki an tura ta ƙarƙashin tebur. Shugaban ɗakin karatu ya ce ba a fasa durowar mamaci, sai iyali sun zo da makulli. Malamin sinadaran kuma daga laccarsa yake fitar da tambayoyi, 'yan ajin duk ƙannena ne, tun farkon zango nake ɓuya musu, ban san wanda zan roƙa aro ba. Na zauna da fararen takardu na kasa rubuta ko layi.

Talata na tafi gidan makoki. Na yi gaisuwa na raɓe a gefe, maganar makulli tana bakina. Amma da wane ido mutum zai tambayi littafi a gidan da aka yi rashin uwa? Na miƙe zan tafi sai babbar 'yarki ta biyo ni ƙofa, ta tambaya ko ni ne ɗan mai kantin magani. Ta ce a gadon asibiti kin gaya mata akwai littafi ɗaya a durowa, ta kai wa mai shi.

"Amma ta ce kada in ba ka sai ka nuna min takardunka. Kuma ta ce bayanin, ka san wanda za ka yi wa."

Mama, har a wannan hali ba ki yi min rangwame ba. A bakin titi na tsaya na yi kukan da ban yi ranar Asabar ba. Kwana biyu na yi ina rubutu. Alhamis 'yarki ta zo da makullin a ɗaure da zaren nan shuɗi, na ajiye mata shafi goma sha tara, ta buɗe. Da na gwada, wuri bakwai kawai na ja wa layi.

Saura bayanin, kuma na san wanda kike nufi. Jiya na je kanti, na jira masu saye suka ragu, na ajiye littafin a kanta. A bangonsa an rubuta aji ɗaya, da kwanan watan bana. Na gaya wa Baba komai. Ya daɗe yana goge gilashin kantar da babu ƙura a kanta. Sannan ya ce ashe shekara biyu yana yi wa mutane ƙarya da bakinsa bai sani ba. Gara mari da wannan magana. Ya tambayi wanda yake saurarona duk wannan lokaci, na ba shi labarinki.

"Allah ya jiƙan ta. Ta riƙe min ɗa ban ko san fuskarta ba." Ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora hannu a kan littafin. "To, yana rufe. Ina jin ka."

Jibi Litinin ce jarrabawar. Ban san abin da za ta haifar ba, filin nan yana nan a allo, Baba kuma har yanzu ba ya haɗa ido da ni. Amma zan shiga da abin da yake kaina, yadda kika koya min.

Ya Allah ka jiƙan wannan baiwa taka, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata makwancinta, ka sa Aljanna ce makomarta. Duk ɗalibin da ya tsallake ta dalilinta, ka rubuta mata ladan. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta da jikokinta da abokan aikinta, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Mu kuma da za mu ci gaba da wucewa ta gaban teburin nan kowace safiya, Allah ya ba mu dangana, ya sa mu cika da imani. Amin.