Man da Muka Shafa wa Bangon Mma

Ni mai ƙunshi ce. Tun ina budurwa a hannuwan amare da ƙafafunsu nake zane, ban taɓa zaton zanena zai hau bango ba sai da warin fitsari ya ishe mu a lungunmu na Moshi Zango, a nan Kumasi. Bayan gidanmu dogon bango ne na jar ƙasa, irin ginin da. Duk namijin da ya sauko daga trotro, motar haya, sai ya ratso ya tsaya a gindinsa, sai ka ce gadon ubansa ne. Mun rubuta gargaɗi da Hausa, da Turanci, da Twi. A kan rubutun ma suke yi.

Wata tsohuwa da ke haya a ɗakin bakin ƙofa ce ta kawo dabara. Mma muke ce mata. Daga can arewa take, kusa da iyaka, inda mata ke yaɓe ɗakunansu su zana su da hannu. A kasuwa ta koyi Hausa, don haka mace da namiji duk "shi" ne a bakinta.

"Ku bar rubutu," in ji ta. "In bango ya yi kyau, kunya zai kama su."

Mu uku muka yi aikin: ni, da Mma, da ƙanwar mijina wadda ta karanta zane a makaranta, take rubuta allunan shaguna a unguwar Asawase. Muka roƙo kashin shanu a wajen dillalai, muka cuɗa shi da ƙasa da ƙafafunmu. Mma ta yaɓe, sannan da yatsunta ta tayar da wata babbar saniya a tsakiya, wadda ko ka rufe ido za ka ji doronta da ƙahoninta a tafin hannunka. Ta ce haka uwarta take yi. Ni na kewaye saniyar da furannin ƙunshi, ƙanwar mijina ta ja layuka baƙi da fari. A ƙarshe Mma ta dafa ɓawon ɗorawa har ruwan ya yi ja, wato makuba, ta lasa, ta tofar, ta ƙara wuta, ta sake lasa, sannan ta yayyafa wa bangon da tsintsiya. Na tambaye ta awon, ta nuna mini harshenta.

Kuma ta yi gaskiya. Maza suka daina tsayawa. Mai waakye, wato shinkafa da wake, wadda wari ya kora tun da, ta dawo da teburinta gindin bangon. Amaren da na yi wa ƙunshi suka fara zuwa ɗaukar hoto a wurin, har lungun da ba shi da suna ya zama Lungun Saniya a bakin kowa. Ni da na saba zanena ya goge cikin mako biyu, na riƙa ratsowa ta can ko ba hanyata ba ce.

Sharaɗi ɗaya ta kafa mana. Duk shekara, in ruwa ya ɗauke, a sake makuba, kuma kada a sa masa komai bayan ita. "Bango shi na numfashi," ta ce. Muka ce to, kamar yadda ake ce wa tsofaffi.

Shekara biyu ita ta ja mu. A ta uku idanunta suka tafi, a asibiti aka ce an makara. Kullum da safe nakan riƙo hannunta mu zagaya bayan gida, ta shafa doron saniyar tun daga wuya har wutsiya, ta ce mu koma. Ba abin da ya rage mata na gani a garin nan sai wannan.

Da aka yi mata rasuwa ta tafi arewa, ta daɗe. Muka dafa makuba da kanmu. Na lasa, ɗaci kawai na ji, ban san wane ɗacin ake nema ba. Kumasi kuwa ruwanta sau biyu ne a shekara. Ruwan farko ya wanke abin da muka yayyafa, baƙin ya fara zuba a kan farin. Ƙanwar mijina ta ce a shafa man sheƙi irin na kafintoci, ruwa ba ya ratsa shi. Na tuna maganar Mma sarai. Na ce a raina ai ita ba ta san kayan zamani ba. Ba zan ɗora wa yarinyar laifi ba, ni na riƙe burushin.

Bangon ya yi ƙyalli, mutane suna ta cewa ya yi kyau paa, wato ƙwarai. Ashe danshin kwata yana hawa ta ƙasa, ya rasa hanyar fita. Yaɓen ya fara kumbura. Na huda, na danna, na liƙa. Wata safiya na tarar da ƙahon a ƙasa. Muka cuɗa sabuwar ƙasa, ta ƙi kama inda man ya taɓa. Ina tsaye ina kallo saniyar ta yi ta zubewa falle-falle, yau cinya, gobe wuya, ba abin da na iya. Na yi kuka, na zagi kaina, bangon bai fasa zuba ba. Mai waakye ta ɗauke teburinta. Warin ya dawo.

Da Mma ta dawo, kwana tara ina mata ƙarya don kada in kai ta wurin. Yau taɓo, gobe ana gyaran kwata. A na goma ta miƙo mini hannu.

"Ɗiyana, kai ni."

Na kai ta. Ta ɗora tafinta daidai inda doron yake, ta ja shi a hankali, ƙasa tana marmashewa a yatsunta. Ta yi gaba, ta dawo. A can gefe ta sami wani guntu mai sulɓi da bai faɗi ba, ta murza, ta kai hanci.

"Kun sa mashi mai."

"Ni ce, Mma. Ki sake koya mana, za mu kankare duka."

Ta ɗaga hannuwanta gabana, suna rawar tsufa. "Makuba zan iya lasa maku. Saniya wa zai yi?"

Na riƙo hannunta. Muka koma ciki.

Washegari da safe na je ɗakinta kamar kullum, na miƙa mata hannu. Ta gaishe ni, ta tambayi yara da mai gida, ta bar hannunta a kan cinyarta.