Birkin Yero Mai Tonon Asiri

Yero bai taso da niyyar tuƙi ba. Shanu ya sani, da gonar gero a yamma da Dogo-Dogo, har shekarar da ya sayar da bijimai biyu ya sayi babur ya shiga kabu-kabu. Shekara tara yana yi, ko ƙwaryar nono bai taɓa kayarwa ba. Shi ya sa da wata ƙungiya ta ba ƙauyenmu keke mai ƙafa uku na kai masu naƙuda asibiti, ba a yi dogon taro ba aka damƙa masa makulli. Mutum ne marar hayaniya, irin wanda in ka gaishe shi sau biyu sai ya ga ka cika surutu.

To, Allah da ikonsa, sai aka haɗa shi da keken da ya fi kowa baki a garin. Da ya taka birki sai ka ji ƙiiii, har jakunan bakin rijiya su ɗaga kunne. Kafin ya sauko kowa ya san ƙofar da ya tsaya. Mata su saki taɓarya, maza a gindin itacen bedi su ce, “Gidan Mohamman ne. Ashe lokaci ya yi.” Kun dai san matanmu. Mace ta gwammace ta ciji zane a ƙuryar ɗaki da a ce gari ya ji tana naƙuda, balle haihuwar fari. Sai aka daina kiran Yero, sai in abu ya ɓaci. Ni wannan kunya tamu haushi take ba ni wani lokaci, amma faɗa ba ya raba mutum da ita.

Sau uku Yero yana kai keken garin Magariya wurin Habu makaniki. A sa sabuwar fatar birki, a yi kwana biyu shiru, kukan ya dawo har da ƙari.

Ana cikin haka Nafissa, ƴarsa ta fari, ta dawo gida goyon ciki. Ungozoma ta duba ta, ta ce jininta ya yi ƙasa, haihuwar nan a asibiti za a yi ta, ba a ɗaki ba. Nafissa ta gaya wa uwarta cewa zancen babanta ne direba ta haƙura, tun da akwai labule tsakaninsu, amma ita ba za ta hau abin da zai yi mata shela a gari ba. Yero kuwa ko sunanta ba ya faɗa, “yarinyar nan” yake ce mata, to ta ina zai fara lallashi? Tsoro ya kama shi sosai, har furar rana ya daina shanyewa.

Sai ya kira Bushra, ƴar ƙanensa da ke karatun injiniya a Yamai.

“Baffa, ɗauko mini kukan a waya,” in ji ta. “Habu ya kwance birkin, ya auna mini kowane ƙarfe, tsawo da kauri, ku turo da hoto.”

“Ke da ba ki ga keken ba?”

“Zan ƙera irinsa a cikin ordinatar, wato kwamfuta. In taka shi sau dubu, in rage nan, in ƙara can, ita za ta gaya mini wanda zai yi kuka da wanda ba zai yi ba, tun ba a taɓa naka ba. Ba lalacewa ya yi ba, Baffa. Ƙarafa biyu ne ke karkarwa tare in sun gogu, raba musu rawar za mu yi.”

Kwana goma sha ɗaya ta turo zane: a goge bakin fatar birkin da magagari ya zama a karkace, a tsaga siririn layi a tsakiya, kaurin tsinken tsintsiya. Habu ya juya wayar sama da ƙasa.

“Shekara talatin ina shan baƙin mai, yau yarinyar da ba ta taɓa riƙe ƙusa ba za ta koya mini birki? Da dala goma na sayi magagarin nan tun ba a haife ta ba!”

Yana mita yana gogewa. Da ya gama ya hau da kansa, ya tsula gudu a filin tasha, ya taka. Keken ya tsaya cak, ba ko tari. Ya sake, ya sake. Ya sauko yana sosa ƙeya ya ce, “A gaishe ta. A ce ni ma dama abin da nake shirin yi ke nan.”

Yero ya karɓi kekensa. Ya dawo da la’asar ya tsaya a ƙofar gida. Nafissa na zaure tana ɓarar gyaɗa, sai ɗaga kai ta yi ta ga keke tsaye, ba ta ji zuwansa ba. Ta dubi keken, ta sunkuyar da kai, shi kuma ya wuce ciki yana tambayar ruwan alwala.

Ranar wata Laraba da azahar naƙudar Nafissa ta taso. Aka sa ta a ciki da uwarta, aka saki labule. Dab da gindin bedi, inda maza suka cika, wata akuya ta gitta masa. Ya taka birki. Ina zaune a wurin, wallahi dara muke yi, ba wanda ya ɗaga kai.

Haihuwar ta zo da wuya, sai da aka ƙara mata jini. Kafin magariba ungozoma ta leƙo ta ce mace ce, uwa da ɗiya lafiya. Kunya tsakanin uba da ƴar fari take, ba ta kai kan jika. Sai ga Yero, wanda ba mu taɓa jin muryarsa daga nesa ba, ya shigo gari ya danne oda tun daga rijiya har masallaci, hula a karkace, hawaye na zuba, yana ihu: “Ku fito! An haifa mini amarya!”