Baƙin Da Na Ƙi Gogewa A Jikin Butar Hajiya

Ko da zan manta duk abin da ya same ni a Kuala Lumpur, ranar da aka ce na sace murfin buta ba za ta fita daga raina ba. Har yau in na ga butar shayi ta azurfa, sai ranar ta dawo mini sabuwa.

Lokacin korona ne. Ina zaune a unguwar Sentul wajen gwaggona, wadda take sayar wa ɗalibai kilishi da yaji da atamfa. Ni sakandare kawai na gama, na zo taya ta na 'yan watanni, sai aka rufe iyakoki. Ciniki ya mutu, bizata kuma ta ƙare ina zaune. Da aka ɗan sassauta kulle, gwaggo ta samo mini aikin gida wajen wata Hajiya 'yar ƙasarmu a unguwar Bukit Bintang.

Hajiya tana da wata butar shayi ta azurfa a kabad ɗin gilashi. Uwar mijinta ce ta ba ta, wai daga Ingila aka kawo ta tun zamanin Turawa. Ran da ta fara ba ni ita in goge, murna ta sa na saki baki na ce ai kakana maƙerin fari ne a Kano, azurfa yake ƙerawa, a gabansa na tashi. Da na san abin da wannan magana za ta jawo mini, da na haɗiye ta.

Kakana ya koya mana a goge jikin azurfa har ya yi ƙyalli, amma baƙin da ya taru a lungu da mahaɗi a bar shi, don shi ne shekarun kayan. Haka na riƙa yi wa butar. Hajiya ta sha yi mini faɗa. "Ke, wannan baƙin fa na bayan murfi? Ƙyuya ce ko makanta?" Sai in ce, "Hajiya, ba a goge wannan." Ta yi tsaki ta wuce.

Zaman gida ya ishi kowa a lokacin. Hajiya ta koma binciken kayanta a waya, har ta gano cewa ƙananan hatiman da ake bugawa a jikin azurfa suna nuna garin da aka ƙera ta. Wata safiya na shigo, ko takunkumi ban cire ba, na tarar da ita a tsaye da butar a hannu.

"Zo nan. Duba gindinta: zaki da kan damisa. Duba cikin murfin: zaki da ƙugiyar jirgin ruwa. Gari biyu ke nan. Ina murfina na asali?"

Na ce, "Wane murfi, Hajiya?"

"Kar ki raina mini hankali, jikar maƙeri! Wa ya iya cire murfi ya maƙala wani in ba ke ba? Ki fito da shi kafin azahar, ko in kira 'yan sanda. Kuma kin san yadda takardunki suke."

A kwanakin nan ba a hirar komai a tsakaninmu sai kamen waɗanda bizarsu ta ƙare. Na hango kaina a bayan mota, na hango mahaifiyata ana gaya mata an kama 'yarta da sata a ƙasar mutane. Gwaggo ta kira ni a waya tana kuka, ta ce, "Ki durƙusa ki ba ta haƙuri, 'yar nan, ko ba ki ɗauka ba. Mu ba mu da kowa a nan." Na kusa yi, wallahi. Amma na san in na durƙusa, na zama ɓarauniya ke nan har abada, kuma na shafa wa kakana abin da bai taɓa yi ba.

Muryata tana rawa na ce, "Hajiya, ba zan ba da haƙuri ba. Mu je wajen wanda ya san azurfa. In ya ce ni na canza, ki kira 'yan sandan a gabansa."

Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Sai ta ɗauki makullin mota.

Shagon tsofaffin kaya ne a wajen unguwar Chow Kit, na wani dattijo ɗan asalin China. Aka auna zafin jikinmu a ƙofa, na yi mamaki da na'urar ba ta yi ƙara ba, don ji nake kamar wuta ake hurawa a kaina. Dattijon ya maƙala ɗan gilashi a ido, ya juya butar, ya ce da Turancinsu mai haɗe da Malay, lalle murfin ba nata ba ne, gari daban, maƙeri daban. Hajiya ta juyo tana jinjina kai, ta zaro waya.

Ban san lokacin da na miƙa hannu ba. Na ce, "Baba, duba mahaɗin." Na nuna masa baƙin nan da aka yi ta zagina a kansa. Baƙin ya lulluɓe mahaɗin murfi da jikin buta gaba ɗaya, ba tsagewa, ba ƙwarzane ko ɗaya. In da an zare ƙusar mahaɗin kwanan nan, dole a ga farin ƙarfe a wurin. Na ce wannan baƙin ba ya taruwa a wata ukun da na yi ina aiki a gidanta.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya buɗe murfin har ƙarshe, ɗan tulluƙin da ke samansa, wanda ake kamawa a ɗaga shi, ya je ya taɓa mariƙin butar. Daidai wurin akwai wani ɗan rami mai santsi, wanda tulluƙin ya zauna a ciki cif.

"Madam," in ji shi, "wannan murfin ya fi shekara hamsin yana bugun nan wurin. Na asalin ya lalace tun da daɗewa, wani ya samo wannan ya haɗa. Ba a haifi yarinyar nan ba lah. Ke ma watakila." Ya dube ni ta saman gilashi ya tambayi wa ya hana ni goge wurin. Na ce kakana. Ya ce, "Mutumin kirki."

Hajiya ta mayar da waya jaka. Ba ta ce in yafe mata ba. A mota abin da ya dame ta shi ne uwar mijinta ta ba ta kaya mai faci. Da muka isa gida ta miƙo mini butar, ta ce, "To, tunda an gama, kankare baƙin nan, ya ishe ni."

Na ce, "Hajiya, ba a goge wannan." Na ajiye mata makullin gidanta a kan tebur, na sauko. Sai da na zauna a jirgin ƙasa kuka ya zo mini, har wata mata 'yar ƙabilar Malay ta miƙo mini tishu daga nesa.

Na dawo gida tuntuni, amma tsoron bai gama sakina ba, kuma na daina jin kunyar faɗin haka. Abin da ranar ta koya mini shi ne ba sai tsoro ya tafi ake faɗin gaskiya ba, da rawar murya ma ana faɗinta, kuma tana tsayawa. Sannan abin da na koya a gidanmu, ko za a kira shi ƙyuya ko ƙauyanci, ba zan kankare shi don wani ya ji daɗi ba. Ranar da ba ni da takarda, ba ni da kowa, shi ya tsaya mini shaida.