Na Ce Wa Kakata Mun Gano Ɗanta

A lokacin ina ɗan shekara sha biyar a unguwar Alsahafa, kuma duk layinmu babu mai bakina. Idan na ga ɓera a kasuwa, kafin in iso gida ya zama kura. Wadda ta fi kowa jin daɗin shirmena ita ce kakata, mai kirana angonta, tana cewa da ni da talauci aka ɗaura mata aure rana ɗaya. Iyayenta sun taso daga ƙasar Hausa za su Makka, noman auduga ya riƙe su a Jazira. A can ta yi auren fari, ta haifi namiji, da auren ya mutu uban ya tafi da yaron birnin Umdurman, tsallaken kogi. Ba ta ƙara ganinsa ba.

Wata maƙwabciyarmu Kirista ta gano danginta a rajistar coci, sai kawuna ya ce mu ma mu gwada neman ɗan kaka wurin ma'azun, malamin da ke rubuta aure. Muka tsallaka gada zuwa Umdurman, muka sami tsohon cikin tarin littattafai. Ya ce mu ba shi suna. Nan muka tsaya, domin kaka ba ta taɓa faɗin sunan ɗan farinta ba, balle na ubansa. Kunya ce irin ta mutanen da. Ko kawuna bai sani ba.

Da muka dawo ta tare ni a ƙofa tana tambaya. Maimakon gaskiya, sai bakina ya kwance. Na ce mun ga ɗan nata, babban ɗan kasuwar yadi ne, tumbinsa sai da raksha biyu, wato keke mai ƙafa uku, ake ɗauka, kuma ya ce yana nan tafe ranar Juma'a. Na jira ta jefe ni da takalmi kamar kullum. Sai ta zauna a ƙasa tana hamdala. Ta sa lalle, ta turara ɗaki, ta dama fura irin ta gida. Ranar Juma'a ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida tun hantsi, duk motar da ta tsaya sai ta miƙe. Bayan la'asar kawuna ya gaya mata gaskiya. Ba ta zage ni ba. Ta naɗe tabarmarta kawai, kuma daga ranar ba ta sake yi mini wasa ba.

Daga baya ta raɗa wa gwaggona sunan, tana rufe fuska. Ma'azun ya samo takardar auren ɗan nata, muka bi unguwar da aka rubuta a ciki har gidan. Matarsa ta ce ya rasu bara, kuma har ya bar duniya yana tambayar Hausawan kasuwa ko sun san uwarsa. Da aka kawo wa kaka labari, ba wanda ta fara kallo sai ni, tana jira in ce wasa ne.

'Yan'uwana matasa, ku zauna da tsofaffinku, ku lallaɓa ku ji sunayen da suke ɓoyewa tun masu sunan suna raye. Ku yi wasa da kakanninku, amma kada ku taɓa abin da suke kuka a kansa a ɓoye.